Goge Kan Bidi'a: Shin Gwaninta Tana Wanke Sana'a?

Ƙasar Bakura da maƙwabciyarta Maradun sun ba Hausa makaɗa biyu da har gobe ba a daina sauraronsu ba. Na farko Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen Ɗankadu ta ƙasar Bakura, wanda ya tashi a gidan kiɗa, ya yi suna da kotso a ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun, ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya rasu a 1991. Na biyu Alhaji Hassan Wayam, ɗan ƙasar Maradun da ya tare a Zariya, ya riƙe kukuma har Allah ya yi masa rasuwa a 2020. Dukansu gwanaye ne, amma jama'a ba ta ɗauki kayan kiɗansu ɗaya ba. A Talata Mafara dattijo zai kunna Ɗanƙwairo a shagonsa ranar kasuwa, ba mai ɗaga kai ya dube shi. Amma ɗan wannan dattijon ya shigo gida da goge a hammata ya ce koyo zai yi, ranar sai an tara dangi.

Tun kaka da kakanni Bahaushe ke yi wa abin kirari da "goge kan bidi'a", kukuma kuwa ƙaramar 'yar'uwarsa ce, abin da ya shafe shi ya shafe ta. Daga nan tambayar ta taso. Mutum ya ƙarar da shekaru yana horar da yatsunsa da kunnensa har ya kai inda ba kowa ke kaiwa ba: shin gwanintar nan tana da daraja a kanta, ko darajarta tana ga inda aka kai ta? Malamin fiƙihu yana da ta cewa, mai falsafa yana da tasa, haka ma duk wanda aka ba amanar koya wa yaro wata sana'a.

Kafin a yanke wa abu hukunci, gara a san shi. Goge rabin ƙwarya ce da aka rufe bakinta da fatar guza, aka ɗame, aka soke ta da sanda. Tsirkiyarsa tarin gashin wutsiyar doki ce, wato izga, an ɗaure ta daga wannan kai zuwa wancan, ta hau kan wani ɗan itace da makaɗa ke kira jaki. Abin gogawar ɗan baka ne, shi ma da izga, ana shafa masa ƙaro don ya kama tsirkiya; in babu ƙaro sai ya yi ta santsi, ba amo. Ana huda 'yar kafa a jikin fatar don sauti ya sami hanyar fita. Da damina fatar takan saki, muryar ta dushe, sai mai goge ya ɗan kanga ta a gefen wuta ko ya shanya ta a rana kafin ta dawo daidai.

Wahalar tana ga hannun hagu. Babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna wa ɗan koyo inda zai sa yatsa, kuma ba ya danne tsirkiyar har ta kwanta a kan sanda. Taɓa ta kawai yake yi tana a sarari. Ya goce kaɗan, amo ya karkace, mai kunne ya ji. Hannun dama kuma yana fama da abu uku a lokaci guda: nauyin da zai ɗora wa baka, saurin jansa, da nisansa daga jaki. Ya danna da yawa, goge ya yi kururuwa; ya sassauta da yawa, ya yi shaƙiƙi. Shi ya sa sabon ɗan koyo ƙara kawai yake fitarwa, har maƙwabta su fara yi masa magana. Ga kuma 'yan ƙwarya a gefensa suna kaɗawa, dole ya zauna cikin kiɗansu, kada ya riga su, kada su bar shi a baya.

Wanda ya wuce wannan matakin shi ake fara kira mai goge. Gwani kuwa shi ne wanda ya sa gogen ya yi magana. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, tsirkiya kuma tana iya bin wannan hawa da saukar, har mai sauraro ya gane taken wane ko kirarin wance ba tare da an buɗe baki ba. Tsofaffin da suka saurari Garba Liyo da Audu Yaron Goge, ko Ibrahim Na Habu da Amadu Doka a kukuma, sun san wannan.

Gogen Turawa, wato bayolin, tsirkiya huɗu gare shi, jikinsa katako ne tsantsa, ana maƙale shi a ƙarƙashin haɓa. A garin Kiremona na Italiya ya sami siffar da aka san shi da ita, a hannun Andrea Amati cikin ƙarni na 16, sannan Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya kai sassaƙarsa ƙololuwa. Amma bakansa izgar doki ce, ana shafa masa ƙaro, kuma shi ma babu alamar inda za a sa yatsa. Masana tarihi da dama na ganin cewa cikin kakanninsa akwai rababar Larabawa, wadda Alfarabi ya ambata a babban littafinsa na ilmin kiɗa tun ƙarni na 10, ta shiga Turai ta Andalus. Bahaushen da ya taso da finafinan Indiya ko waƙoƙin Sudan da na Ummu Kulsum ya sha jin muryar bayolin ko da bai taɓa ganinsa ido da ido ba.

Inda aka rabu shi ne rubutu. Turawa sun zauna sun rubuta yadda ake koyarwa. Leopold Mozart, mahaifin shahararren makaɗin nan Mozart, ya fitar da littafinsa na koyar da bayolin a 1756, har yadda ake riƙe baka sai da ya bayyana. Ivan Galamian, haifaffen Iran da ya koyar a Amurka, ya fitar da nasa a 1962, ya raba lokacin ɗalibi gida uku: na gina hannu, na fahimtar abin da waƙar ke nufi, da na kaɗa ta gaba ɗaya kamar yana gaban jama'a. Abin da yake gudu shi ne ɗalibin da yatsunsa suka iya gudu amma ba abin da yake faɗa, ko wanda zuciyarsa ta cika amma hannu ya kasa isar da saƙo. Makaɗan Hausa sun san wannan bambancin, sukan ce wane yana da hannu amma ba shi da zaƙi.

Sai kuma Shinichi Suzuki na Japan, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998. Shi ya lura cewa babu yaron da ke kasa koyon harshen uwarsa, domin yana jin sa dare da rana kafin ya furta kalma ɗaya. Ya ce a koyar da bayolin haka nan: saurare tukuna, kwaikwayo, maimaitawa, karatun alamomi daga baya. Duniya ta karɓi wannan a matsayin sabuwar hikima, alhali gidajen kiɗan Zamfara a kanta suka ginu. Ɗanƙwairo a gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya buɗe ido, yana bin sa wajen kiɗan noma, yana amshi. Daga baya ya bi yayansa Abdu Kurna, ya daɗe a ƙarƙashinsa kafin ya ja tasa ƙungiyar. Yaron mai goge ma haka: ɗaukar kaya, kaɗa ƙwarya, gyaran izga, sai can a ba shi baka.

Amma Suzuki bai tsaya ga hannu ba. Ya yi imani cewa yaron da ya jure wannan horon zai tashi da haƙuri da tausayi da kyakkyawar zuciya, kuma a wajensa wannan ne manufar, ba samar da shahararrun makaɗa ba. A nan ake iya ja da shi. Gaskiya ne ba a gwanancewa sai da haƙuri, da yi wa maigida biyayya, da karɓar gyara. Sai dai haƙurin da mutum ya yi da tsirkiya ba lallai ya bi shi har cikin gida ba. Niccolo Paganini, wanda ake ganin ba a taɓa yin mai bayolin kamarsa ba, har yakan kaɗa waƙa sukutum a kan tsirkiya ɗaya, ya yi ƙaurin suna da caca da neman mata. Mutanen zamaninsa suka baza cewa shaiɗan ne ya ba shi hannun. Da ya mutu a garin Nis a 1840, hukumar coci ta hana a binne shi a maƙabartarta, sai a 1876 gawarsa ta sami kabari a maƙabartar garin Farma.

Ashe ba Bahaushe kaɗai ke jin tsoron abin da ake gogawa ya yi kuka kamar mutum ba. A ƙasar Hausa tsoron yana da tushe bayyananne: bori. Goge da garaya su ne kayan kiran iskoki, kowane iska da takensa, na Sarkin Rafi daban, na Ɗangaladima daban, na Inna daban, kuma aikin mai goge ne ya san su ya kaɗa wanda ya dace har wanda ake yi wa ya hau. Bayan bori kuma, a biranen ƙarni na 20 goge ya sami masauki a gidajen giya da gidajen magajiya. Wanda ya ce kan bidi'a, abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Malaman Musulunci kuwa sun daɗe da yin magana. Mafi rinjayen maganar mazhabobi huɗu ita ce hana kayan kiɗa masu tsirkiya, suna kafa hujja da hadisin da Bukhari ya kawo a kan mutanen da za su zo su halatta kayan kiɗa tare da zina da alharini da giya. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Mafara da Bakura kamar sauran ƙasar Hausa, ta hana mutum ya saurari kayan wasa da waƙe-waƙe da gangan. Malikiyya sun bar ƙofa ga ganga mai fuska ɗaya a bikin aure. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya saɓa: ya ce hadisan hanin ba su inganta ba, hukunci yana bin niyyar mai sauraro. Malaman hadisi irin su Ibn Salah suka mayar masa da martani cewa hadisin Bukhari ingantacce ne, Ibn Taimiyya da Ibn Ƙayyim suka tsananta hani. A zamanin nan Yusuf Alƙaradawi ya halatta bisa sharuɗɗa, wasu da yawa suka ƙi.

Wanda maganarsa ta fi taɓa wannan tambayar shi ne Imam Gazali, da ya rasu a 1111. A cikin Ihya'u ya yi bayanin cewa sauti mai daɗi, mai tsari, ba haramun ba ne don daɗinsa, in ba haka ba da kukan tsuntsu ma an hana saurare. Duk da haka ya cire masu tsirkiya da wasu na busa daga cikin halal, ya kuma faɗi dalili: su ne tambarin mashaya, suna tuna wa mutum majalisar giya, suna jan sa zuwa gare ta. Ke nan ko wannan malamin mai sassauci a kan saurare bai wanke tsirkiya ba, amma ya nuna inda cutar take, wato a majalisar da abin ya saba zama. Wasu sun ce in majalisa ta canza hukunci zai canza; wasu sun ce nassi ya riga ya yanke, ba ruwansa da majalisa. Nan saɓanin yake har yau.

Ƙasar Zamfara ba baƙuwar wannan muhawara ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a cikinta kafin jihadin 1804. A Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin ɗabi'un sarakunan da yake suka, ya nuna cewa Musulmi suna buga ganga ne don wata manufa ta shari'a, kamar tara runduna. 'Yarsa Nana Asma'u ta yaƙi bori a tsakanin mata ta hanyar ƙungiyarta ta 'yan taru. Abin lura shi ne, sukar Shehu ba ta tsallake kiɗan fada ba. Martabar da kotson Ɗanƙwairo ya samu daga sarauta da al'ada ta fito, ba daga fatawa ba. Jama'a ta ɗaukaka wanda ya zauna kusa da sarki, ta ƙasƙantar da wanda ya zauna kusa da magajiya, sannan ta ɗauka cewa addini ne ya yi mata wannan rabon gaba ɗayansa.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, wani ɗan Bakura, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Aka rufe gidajen giya da na karuwai, wuraren da goge ya daɗe yana samun abinci. Ba wannan kaɗai ya rage shi ba. Fiyanon situdiyo ya zo yana kwaikwayon kowane sauti da yatsa ɗaya, matasa suka koma can. Matsalar 'yan bindiga kuma ta taƙaita taron dare da tafiye-tafiye a ƙauyukan Maradun da kewaye, alhali makaɗi da yawo yake rayuwa.

A wasu wurare kuwa wannan ƙwaryar da wannan izgar suna da wani matsayi dabam. A masarautar Dagomba ta arewacin Ghana, inda Musulmi ke da yawa, masu gonje, wato gogen can, makaɗan fada ne, suna riƙe da tarihin sarakuna, sana'ar gado ce da ake alfahari da ita. Ɗaya daga cikinsu, Salisu Mahama, har ya koyar a Jami'ar Ghana. A wajen Buzaye, gogensu mai suna imzad mata ne ke kaɗa shi, maza su zauna cikin natsuwa su saurara, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Wannan bai soke hujjar malaman da ke hani ba, domin su nassi suke bi. Amma ya nuna cewa ƙasƙancin da ke bin mai goge a ƙasar Hausa tarihin wurin ne ya haife shi.

Amsar tambayar farko ke nan: gwaninta ba ta wanke sana'a. Da tana wankewa, da ƙwararren ɓarawo ya fi manomi rago. Abu uku ne aka cakuɗa, kuma kowanne da ma'auninsa. Akwai hannu, wanda kunne ke aunawa. Akwai wuri, wato wa ake yi wa kiɗan, me ake faɗa, me ake sha, wa ke rawa da wa, wanda kowane mai hankali zai iya aunawa. Akwai kuma hukuncin kayan kiɗan kansa, wanda aikin malamai ne. Makaɗin da ya ɗauka zaƙin hannunsa ya ɗauke masa tambayar halal da haram ya yaudari kansa. Mai wa'azin da ya ɗauka hani ya ba shi izinin raina mai goge, ko ya musa cewa akwai ilmi a hannunsa, shi ma ya wuce gona da iri. Da yawa cikin makaɗan nan Musulmi ne masu salla da azumi, sun sauke farali, kuma wulaƙanta Musulmi babu saɓani a kan haramcinsa.

Ga mai koyarwa, ko na goge ne a ƙauye ko na bayolin a makarantar birni, nauyinsa biyu ne. Ya koyar da gaskiya, kada ya bar yaro ya saba da karkataccen amo don gudun ɓacin ransa, kada kuma ya ɓoye masa sirrin sana'a don tsoron kada ya fi shi. Sannan kada ya rufe masa maganar malamai. Yaro Musulmi yana da haƙƙin ya san cewa mafi yawan malaman mazhabarsa sun hana, wasu sun halatta da sharaɗi, kafin ya zuba ƙuruciyarsa a ciki. Ɗalibin kuma ya je ya tambayi malamin da ya yarda da ilminsa da tsoron Allahnsa, ba wanda zai gaya masa abin da yake son ji ba. Wanda ya ajiye baka don Allah ba a yi masa dariya. Wanda ya riƙe bisa fatawar da ya gamsu da ita, to ya san wurin da zai kai shi da wurin da ba zai kai shi ba.

Akwai aiki guda da bai jira a gama wannan saɓanin ba, shi ne taskacewa. Malamai ba su hana a rubuta tarihin abin da aka yi ba. Da ba su rubuta al'adun da suka soka ba, da ba a san su ba. Abin da aka rubuta a kan goge mafi yawansa daga nesa ya zo: David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Jacqueline DjeDje ta fitar da littafi a kan masu goge na Fulani da Hausawa da Dagomba a 2008, a gida kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa. Amma yadda ake ɗame fatar, da yadda ake zaɓen izga, da yadda maigida ke gyara yatsan yaronsa, mafi yawansu suna kan tsofaffi ne kawai. Ga Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara, ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ya kamata malaman Hausa da na tarihi a cikinsu su tura ɗalibai su nemo sauran masu goge da kukuma na ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, su naɗi muryarsu, su ɗauki hoton hannunsu, su rubuta sunayen iyayen gidansu tun suna da rai.